Allon Tagulla da Addu'ar Gidansu

Litinin, 6 ga Afrilu, bayan la'asar

Masu zuwa jaje sun ragu. Na naɗe tabarmin aro na mayar wa masu su. Gidan ya koma daga ni sai Baban Fiddausi.

Yana zaune ƙarƙashin dogon yaro tun hantsi, hannun dama cikin ɗori, rataye a wuya. Ya taɓa tuwo kaɗan ya ture kwanon. Likita ya duba shi ya ce babu abin da ya sami harshensa ko kansa, mu dai ba shi lokaci. Lokaci kuwa muna ta ba shi. Tun ranar da aka dawo da shi daga hanyar Argungu shi kaɗai ban ji muryarsa ba. Ko salla leɓe kawai ke motsi.

Laure ta kira, matar ƙaninsa. Tana takaba, ba ta fita. Ta ce shinkafar rani ta yi ciki, ga injin ban-ruwa mai aiki da sola a tsaye. Akwatin da ke tuƙa injin shi ne suka ɗauko a babur shi da ƙanin ranar haɗarin, an gyara za a mayar. Yana nan ɗakin aiki cikin buhu, allon tagullar da ke cikinsa ya rabe biyu. Ba a sayar da irinsa a kasuwa, Baban Fiddausi ne ya haɗa shi da hannunsa. Ummaru maƙwabcinsu na gona yana jawo musu ruwa da nasa injin in ya gama da tasa, amma ba ya isa.

Na ce mata za a yi sabon allo. Ban ce mata wa zai yi ba.

Talata, 7 ga Afrilu, da hantsi

Na shiga ɗakin aikinsa ba tare da na nemi izini ba. Da ne, da tuni na ji "Ummu Hani, kar ki taɓa min kaya."

Shekara da shekaru ina ganin yadda yake yi, ko ban so ba. Ana wanke allon tagulla har ya yi ƙyalli. Ana manna masa wata shuɗiyar leda mai jin haske, a bi ta da dutsen guga mai ɗumi, a cikin ɗaki labule a sake. Sai a ɗora zanen hanyoyin wuta, wanda aka buga baƙi a kan farar leda, a danne da gilashi, a matse gefe da maƙalen shanya. A rufe da baƙin ƙyalle a fito da shi tsakar gida. Idan rana ta take tsaka a ɗage ƙyallen, ta sha shi, a mayar a rufe. Inda rana ta taɓa, shuɗin ya ƙanƙare ya zauna. Inda baƙin zane ya kare, ruwan kanwa ya wanke shi. Daga nan sai ruwan nan mai launin tsatsa ya cinye tagullar da ta rage a buɗe, ya bar layuka sirara kamar zare.

Zanen allon nan na same shi a maƙale bayan ƙofa. Ni da nake zana wa amaren Birnin Kebbi lalle mai layi kamar gashi, wai allo ne zai gagare ni? Abu ɗaya ne ban sani ba: tsawon lokacin da yake barin sa a rana.

Laraba, 8 ga Afrilu, bayan azahar

Na ɗage ƙyalle, na ƙirga a raina yadda na ga dama, na rufe. Da na tsoma a ruwan kanwa komai ya bi ruwa. Allon ya fito tas kamar sabon tiren shayi.

Sau ɗaya ake samun ranar da ta dace a yini. Yau ta tafi ke nan.

Alhamis, 9 ga Afrilu, da yamma

Haka. Bai yi magana ba.

Juma'a, 10 ga Afrilu, bayan an sauko masallaci

Na hau keke napep na je kasuwa wurin Izuchukwu, wanda Baban Fiddausi ke sayen kayan aiki a shagonsa. Ya fi shekara ashirin a garin nan, Hausarsa ta fi ta wasu 'yan gari. Da ya gan ni ya miƙe, ya cire hula. Na fiddo allon.

Na ce, "Minti nawa maigida ke barin sa a rana?"

Ya ce, "Madam, wallahi Oga Arzika bai taɓa hwaɗa min ba. Kin taɓa ganin agogo hannunai? Ni kaya kawai nika sai mishi."

Ya yi min bayani a tsaye, yana sallamar wani mai sayen batir. Ya ce ba zafin rana ke aikin ba, wani haske ne a cikinta da ido ba ya gani, irin wanda ke ƙona fata. In ya yi kaɗan shuɗin ba ya kamawa. In ya yi yawa sai ya saɗaɗa ta ƙarƙashin baƙin zane, layuka su kumbura su haɗe, a sa wuta abu ya ƙone. Ya aika aka karɓo fitilar da matarsa Florence ke busar da fentin farce da ita, ya ce irin hasken ne, in gwada. Ya ce ni dai in kawo allo mai kyau, shi zai ɗora sauran kayan a yini guda.

Da zan tafi ya ce, "Ki ce mai ina gaishe shi. Ki ce mai shago ya yi shiru." Na isar da saƙon. Ya kalle ni, ya koma kallon bango.

Asabar, 11 ga Afrilu, da la'asar

Fitilar Florence ba ta yi ba. Layukan sun fito, amma gefensu ya yi dishi-dishi, ba ka sanin inda wannan ya ƙare wancan ya fara. Ƙananan ƙwai ne jere a ciki, kowane na haskowa daga nasa ɓangaren, inuwar zanen ta rasa inda za ta tsaya. Rana kuwa ɗaya ce, daga sama take dukan abu.

Ina sake shirya wani allon na ji mutum a bakin ƙofa. Ya shigo, ya tsaya a kaina. Ya sa yatsun hagu ya zare ledar zanen daga ƙarƙashin gilashi, ya kifa ta, gefen tawada ya kwanta a jikin allon. Ya danna gilashin da tafin hannu har maƙalen suka yi ƙara. Ya fita.

Ashe baibai nake sa ta duk kwanakin nan, kaurin ledar yana ba haske hanya. Na zauna a ƙasa na yi kuka, ban san na murna ba ne ko na takaici. Hankalinsa na nan. Yana ganin komai.

Lahadi, 12 ga Afrilu, bayan azahar

Na bar allon ya daɗe a rana. Layuka sun haɗe kamar lallen da aka zuba wa ruwa bai bushe ba.

Litinin, 13 ga Afrilu, bayan magariba

Yau na yi masa faɗa. Na ajiye allon a gabansa na ce, "Baban Fiddausi, ɗaga min yatsu ma ya isa. Nawa ne? Shinkafar marayu ce fa." Ya sunkuyar da kai. Na ce ba shi kaɗai aka yi wa rashi ba. Na ce ƙaninsa da ke shigowa gidan nan yana ce min amaryarsa, yana ɗage murfin tukunyata yana cewa miyata ba gishiri, ni ma na daina jin sallamarsa, kuma ban rufe bakina na bar mutane da wahala ba.

Kafaɗunsa suka yi rawa. Na kwashe kwanuka.

Babur ɗin yana nan jingine a zaure yadda aka kawo shi. Na rufe shi da tsohon zane, na gaji da kauce masa da ido.

Talata, 14 ga Afrilu, da rana tsaka

Ina madafa ina tuƙa tuwo, sai na ji bakina ya ce amin. Babu mai addu'a. Na tsaya da muciya a hannu.

Kullum war haka, in yana aikin allo, yakan tsaya tsakar gida yana wata addu'a a bayyane, ni kuma daga nan ina amsa amin, amin, hankalina na kan tukunya. Addu'ar gidansu ce ta Argungu, wadda suke yi kafin su jefa iri ko su shiga ruwa, ana roƙa wa mamatan gidan rahama ɗaya bayan ɗaya. Na ɗauka neman albarka kawai yake yi. Yanzu da na rufe ido na gan shi sarai: da bisimilla yake ɗage ƙyalle, da shafa addu'a yake mayarwa.

Mutumin nan bai taɓa buƙatar agogo ba.

Laraba, 15 ga Afrilu, bayan azahar

Na gwada da abin da na riƙe. Na san Abdussamadu kakansu mai homa, wato ragar kamun kifi, na san mahaifinsu, na san wasu biyu a tsakani. Sauran sun shige min ta kunne sun fita, shekarun nan duka. Manyan layuka sun zauna, ƙananan sun bi ruwa. Addu'ata ta yi gajarta.

Kunya ta kama ni a gaban allon tagulla.

Alhamis, 16 ga Afrilu, bayan isha

Na je Argungu na dawo. Da motar ta wuce Ambursa, wajen da haɗarin ya faru, na sa mayafi na rufe fuska, ban buɗe ba sai da na ji hayaniyar tasha.

Na biya ta fadama. Gonakin mutane shar, ta su Laure ta yi fari-fari, ganyen ya nannaɗe kamar tsinke. Ummaru na tsaye da tiyo a hannu. Ya ce, "Hajiya, iyakar ƙoƙarina ke nan. Rijiyata ma ta hwara ja baya."

Inna, mahaifiyarsu, tana ɗakinta da carbi. Laure na gefe cikin zanen takaba, ta rame, ƙaramin ɗanta na bacci a cinyarta. Bayan gaisuwa na faɗi abin da ya kawo ni, na fiddo biro.

Inna ta ce, "Mai da abin ga jikka. Addu'ar gida ba a rubuta ta. Zamna ki ji."

Ta ɗaga hannu ta fara, a hankali, kamar mai taka sabon daɓe. "Allah ka jiƙan Abdussamadu mai homa, ka kai haske kabarinai." Ta tsaya. Laure ta ce amin. Sai da amin ɗin ta sauka sannan ta ci gaba. "Ka jiƙan Aishatu, wadda ta shayar da ɗiyan da ba nata ba." Amin. "Ka jiƙan Abu, da ruwa ya ci ranar kasuwa." Amin. Kowa da ɗan abin da ake tuna shi da shi, kowa sai an jira masa. Ta maimaita min har ta zauna a kaina. Duk lokacin, in ta kai kan mahaifinsu, sai ta shafa.

Na ce, "Inna, nan ta ƙare?"

Ta ce, "Nan tat tsaya. Ba ni ka ƙara suna ba, babban gida ka ƙarawa. Da ubansu yar rasu, wancan na wurinki shi yas sa shi da bakinai, sannan munka ɗauka. Haka munka iske ta." Ta juya carbi. "Hay yau autana bai shiga ba."

Na yi musu sallama. Da Laure ta rako ni bakin zaure, inda takaba ta yarje mata ta tsaya, ta riƙe min gefen mayafi.

Ta ce, "Yaya, shinkahwa in ta mutu a shibka wata. Amma kullum da sahe ina amsa ma Inna amin, ina jira a kai gare shi, sai in ga ta shahwa. Kamar bai mutu ba, kamar kuma ba a yi shi ba. Ki hwaɗa mai."

Ban faɗa masa ba. Ina jin ya fi mu sani. Ina jin abin da ya toshe masa maƙogwaro ke nan, ya san wace kalma ke jiransa a gaba.

Juma'a, 17 ga Afrilu, da la'asar

Hadari ya taso ya rufe rana, bai zubo ba. Ko inuwata ban gani a ƙasa ba, balle ta zane. Ban fito da allo ba.

Asabar, 18 ga Afrilu, bayan azahar

Na jawo teburin kusa da tabarmarsa, shi a inuwa, allon a rana. Na ɗage ƙyalle na karanta da ƙarfi, ban bar kowa ba. Babu mai amsa min, ni kuma ban iya tsayawa cikin shirun ba, sai na yi ta zubawa kamar mai biya karatu gaban malami. Ya kusa. Layuka biyu na kusurwa sun yanke.

Da na ambaci Abdussamadu ya ɗago kai. Bai sauke ba har na gama.

Lahadi, 19 ga Afrilu, bayan azahar

Na yi ƙoƙarin jira bayan kowane suna. A kan mahaifinsu wani abu ya fito daga bakinsa, amin ce ko numfashi, Allah ya sani. Hannuna ya yi rawa na bugi gilashin, zanen ya goce, komai ya fito biyu-biyu.

Bai yi magana ba. Amma ban rubuta shi da zuciyar da na saba ba.

Litinin, 20 ga Afrilu, da yamma

Ummaru ya kira. Rijiyarsa ta fara jawo laka. Ya ce daga gobe sai dai ya ceci tasa, in yafe masa. Me zan yafe?

Na ƙona shuɗiyar ledar da guga, gawayin ya yi zafi da yawa. Kafin in kankare in sake mannawa rana ta karkata.

Talata, 21 ga Afrilu, da la'asar

Na shirya allon tun da safe da duk kulawar da Allah ya ba ni. Tawada a ƙasa, gilashi a goge, maƙale a kowane gefe. Sama tas, babu gajimare ko ɗaya. Da inuwar randa ta shige ƙarƙashinta na fito da shi, na ajiye teburin inda na ajiye shi ran Asabar da Lahadi, na durƙusa a gabansa.

Na ce, "Baban Fiddausi, bakina ya yi sauri, hannuna ya yi rawa. Ni mai amin ce, can na fi iyawa. Zan ɗage ƙyallen nan. In ka yi, in amsa. In ba ka yi ba, ni ma ba zan yi ba."

Na ce bisimilla na ɗage.

Ya buɗe tafin hagu a kan gwiwa. Muryar da ta fito ban gane ta ba da farko, ta dushe, ta tsufa. "Allah ka jiƙan Abdussamadu mai homa." Na ce amin. Ya jira ta sauka, kamar Inna. Aishatu. Abu. Ɗaya bayan ɗaya, bai tsallake kowa ba, bai yi sauri ba. Hawaye na zuba min ban share ba, hannuna ɗaya na riƙe da ƙyalle. Ya kai kan mahaifinsu. Na ce amin.

Nan ne wurin rufewa. Na sani, shi ma ya sani. Allon ya sha daidai abin da yake buƙata, in na jefa ƙyallen yanzu gobe Izuchukwu ya ɗora kaya, jibi ruwa ya hau gona.

Amma bai shafa ba. Tafinsa na nan a buɗe.

Na tsaya da ƙyallen a sama. Ina ganin rana na dukan gilashi, na san kowane numfashi haske na shiga inda bai kamata ba. Na tuna ganyen nan da ya nannaɗe. Wallahi na so in rufe. Leɓensa na haɗuwa yana rabuwa, babu sauti. Wata kurciya ta sauka kan katanga ta gama kukanta ta tashi. Na sauke hannuna na ajiye ƙyallen a cinya.

Ya ce, "Ka jiƙan Sunusi."

Ya tsaya. Ya ja numfashi kamar wanda aka fiddo daga ruwa.

"Ka jiƙan Sunusi, autan Inna. Ka kai haske kabarinai."

Na ce amin. Ban san da wace murya ba.

Ya shafa da hannu ɗaya, ya bar tafin a fuskarsa ya daɗe. Na rufe allon, duk da babu sauran abin rufewa. Can ya sauke hannun, ya ɗaga gefen ƙyallen ya leƙa, ya ga yadda shuɗin ya yi duhu har ƙarƙashin zane.

Ya ce, "Ya sha rana da yawa. Kankare shi, Ummu Hani. Gobe mu sake."

Na shiga ɗaki na kira Laure. Na ce mata allon yau ma ya lalace, shinkafa za ta ƙara kwana da ƙishi, ban san nawa za a tsira da shi ba. Ta ce ba komai. Na ce amma Sunusi ya shiga addu'a, ki faɗa wa Inna gobe da safe kar ta shafa da wuri.

Har sai da na duba wayar ko ta yanke. Sannan ta ce amin.